Sunan Wa Ka Ci?

A ƙasar Guri, kiran sunayen yara da safe a aji ɗaya na firamare ya isa ya nuna maka irin mutanen da suka haɗu a wannan fadama. Ga Bukar, ga Habu, ga Garba, ga Buba. Dukansu Abubakar ne ranar da aka yanka musu rago, amma kowanne ya zo da bakin gidansu: Bukar daga gidan Mangawa ko Barebari, Buba daga wajen Fulani, Habu da Garba daga cikin Hausawa. Falmata na zaune kusa da Binta, Modu kusa da Mamman. A cikinsu akwai jikokin Badawa, domin Guri tana kan iyakar Jigawa da Yobe, kuma tana cikin wuraren da ake jin Badanci a wajen masarautar Bade ta Gashuwa. Idan an tashi tara, duk da Hausa suke wasa. Sunayen ne suka riƙe sawun inda kowa ya fito.

Akwai wata gwaninta da ba a ba ta girman da ya kamace ta ba, ita ce iya ɗaukar littafin hoto a zauna da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, a bi da shi ta cikin hotuna har ya kai ga tambayar kansa sunan wa ya ci. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai karanta wa yara labari ne kawai. Amma malamar rabin aji da ta iya wannan aiki, ko uwar da ta iya, ko yayar da ta ɗan yi makaranta, tana haɗa sani uku a zama ɗaya: ta san littafi, ta san yaro, ta kuma san gidan da yaron ya fito da abin da ake faɗa a cikinsa da wanda ba a faɗa. Na ukun nan shi ne mai wuya, kuma shi ya fi burge ni.

Mu fara da kayan aikin. Bahaushe ya fi yawancin al'ummu sa'a a nan, don kusan kowane yaro yana ɗauke da suna biyu. Akwai sunan yanka, wanda aka yi masa huɗuba da shi a kunne, liman ya raɗa ranar bakwai. Wannan yana haɗa shi da annabawa da sahabbai, sau da yawa kuma da wani babba a dangi. Sai sunan da gida ke kira, wanda ke ba da labarin ranar da yaro ya zo da halin da ya tarar. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi suka zo, Talatu ranar Talata, Balarabe ranar Laraba, Lami da Ɗanlami ranar Alhamis, Jummai da Ɗanjuma ranar Juma'a, Asabe ranar Asabar. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye. Azumi a watan Ramalana, Sallau ranar salla, Marka a tsakiyar damina. Anaruwa kuwa, sunan da kansa hoto ne: hadari ya haɗo, ruwa na zuba daga indararo, ungozoma ta shigo da jiƙaƙƙen mayafi. Yaron da ake kira Anaruwa zai iya zana ranar haihuwarsa tun bai iya rubuta baƙi ɗaya ba, in dai an sami wanda zai gaya masa.

Ga yadda gwanar take yi. Tana zama ƙasa a kan tabarma daidai da yaran, ta juya littafin yana kallonsu. Ba ta fara da karanta rubutun. Sai ta buɗe shafin da aka zana taron suna, maza a ƙofar gida a kan tabarmi, rago a ɗaure, faranti cike da goro da dabino, wanzami a gefe da zabirarsa, ta ce, "Me kuka gani?" Ta yi shiru ta jira. Wannan jiran shi kansa sai an koya, don babba yakan ƙagu ya cike shirun da bakinsa. Can wani yaro zai ce, "Malama, an yi irin wannan a gidanmu da aka haifi ƙanwata." Wadda ba ta iya ba za ta ce masa ya yi shiru a ci gaba da karatu. Gwanar kuwa sai ta rufe littafin a kan ɗan yatsanta.

"Wane suna aka sa mata?"

"Hauwa, amma Ummi ake ce mata."

"Me ya sa ake ce mata Ummi?"

"Ban sani ba, Malama."

Wannan "ban sani ba" ita take nema tun da ta buɗe littafin. Ta san amsar sarai: yarinyar ta ci sunan mahaifiyar ubanta ko ta uwarta, shi ya sa aka sakaya. Amma ba za ta faɗa ba. Sai ta ce, "In ka koma gida, ka tambayi Kaka. Gobe ka zo ka ba mu labari." Da haka littafin ya gama aikinsa na ranar, saura aikin gida.

Masana a waje sun auna amfanin irin wannan karatu. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙananan yaran da iyayensu ke yi musu tambayoyi a kan hotuna, suna barinsu su yi bayani da bakinsu, sun fi saurin buɗe baki da tara kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai suna saurare. Kakanninmu mata ba su jira wannan bincike ba. Mai tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa mata, kuma takan tsaya a tsakiya ta ce to, me kuke jin Gizo zai yi. Abin da gwanar littafin hoto ta ƙara shi ne ta karkata wannan tambaya daga kan Gizo zuwa kan yaron da ke gabanta.

Me ya sa Kaka, ba Inna ko Baba ba? Nan ne sanin gida ke shigowa. A gidan Bahaushe da na Bafulatani akwai alkunya. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, wata ma ko maganarsa ba ta son yi a gaban mutane. Mace ba ta faɗar sunan mijinta, balle na surukinta. Daga nan ne aka samo Abba da Baba da Baffa, da Ummi da Uwani da Mama da Iya: yaro ya ci sunan wanda ba a iya ambata, sai a lulluɓe shi da sunan girmamawa. Shi ya sa za ka ga yaro ya kai shekara shida bai san sunansa na yanka ba sai ranar da aka kira shi a rajista, ya yi ta waige-waige yana neman mai sunan. Idan malama ta tura ɗan fari ya tambayi mahaifiyarsa labarin sunansa, ta jefa matar cikin kunya, yaron kuma zai dawo hannu wofi, wataƙila ma da tsawa. Tsakanin kaka da jika kuwa babu wannan shamaki. Wasa ne a tsakaninsu. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, jikarta mace kishiyarta. Kaka namiji yana tsokanar jikarsa da matarsa. A cikin wannan raha babu sunan da ba ya fitowa. Tsohuwa za ta ce, "Zo nan, mijin banza mai zuwa ba cefane, sunan wa ka ci in ba na Malam ba?" Daga nan sai labarin Malam ya ɓalle: inda ya yi karatu, yadda ya zo garin nan, gonar da ya sara. Inda kaka ba ta raye, akwai goggo, akwai kawu, akwai tsohuwar maƙwabciya da ta ga haihuwar kowa a unguwa. Gwanar ta san ƙofar da za ta tura kowane yaro.

Akwai wani littafin hoto da ya yi suna a kan wannan batu, na Juana Martinez-Neal, haifaffiyar ƙasar Peru mazauniyar Amurka, wanda ya fito a 2018 ya kuma sami yabon Caldecott a 2019. Labarin wata yarinya ce, Alma, mai jerin sunaye shida, tana ƙorafin sun yi mata yawa. Mahaifinta ya zaunar da ita, yana nuna mata hotunan dangi, yana ba ta labarin wanda ta ci kowane suna daga gare shi. Littafin yana da kyau ƙwarai, kuma dabararsa ta dace da mu. Amma wanda zai kawo shi Guri sai ya gyara abu biyu. Na ɗaya, uban da zai zauna yana jero sunayen iyayensa tsirara a gaban 'yarsa ba shi ne uban da yaranmu suka sani ba. A wajenmu kujerar ta kaka ce. Na biyu, kundin hotunan kakanni ba kowane gida ke da shi ba.

Wannan rashin hoto shi ya haifar da dabarar da na fi so a cikin aikin duka. Bayan yara sun dawo da labaransu, sai a yi wa kowa littafinsa. Takarda biyu a ninka su a tsakiya an sami shafi takwas, a ɗinke da zare da allura, a yi bango da kwalin sabulu. A shafin farko malama ta rubuta sunan yaron da manyan baƙaƙe, da boko da kuma ajami, don yaran nan suna zuwa makarantar allo, kuma ganin sunansu da baƙaƙen da suka saba gani a allo yana ba su mamaki mai daɗi. Sai shafin wanda aka ci sunansa. To yaya za a zana mutumin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, a garin da wasu iyaye ba sa son a koya wa 'ya'yansu zanen mai rai? Sai a zana shi ta kayansa. Kakan da masunci ne, a zana gora da koma da tarwaɗa a cikin kwando. Kakar da ke saƙar tabarma, a zana kaba da bishiyar goruba. Makiyayi, sanda da malafa da ƙwaryar nono. Malami, allo da tawada da gafaka. Manomin fadama, damin shinkafa da lauje. Yaro ɗan shekara biyar zai iya zana gora, ko da ta fito a karkace. Idan ya nuna ta ya ce "wannan Kakana ne," babu wanda zai musa masa, kuma babu uban da zai ƙi a shigo masa da irin wannan littafi gida.

A ƙasar Guri shafin sana'ar gida yakan zama tarihi ba tare da an yi niyya ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta canza. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wasu gonaki suka nutse, wasu wuraren su suka lalace. Akwai gidajen da kaka masunci ne, uba manomin rani mai injin ban ruwa, yaya kuma ɗan acaɓa a Haɗejiya. Yaron da ya jera gora da injin da babur a shafi uku ya ba da labarin shekara hamsin na fadamar nan, ko bai sani ba.

Sai kuma sunayen da ke da ciwo a ciki, inda ake gane gwana ta gaskiya. Audi yaro ne da mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Talle maraya ne tun yana jariri. Ajuji ta zo ne bayan uwarta ta yi ta binne 'ya'ya, aka yi kamar an yar da ita a juji don ta tsaya. Malamar da ta tsaya gaban aji tana fassara sunaye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta ƙamus, za ta iya sanar da yaro mutuwar ubansa a gaban tsaransa, ko ta ba su abin tsokanarsa har ya girma. Gwanar tana duba rajistarta tun kafin ta buɗe littafi. Idan ta ga irin wannan suna, sai ta bi ta gidan da yamma, ta gaida tsohuwa, ta ce, "Iya, za mu yi karatun sunaye. Me yarinyar nan ta sani, me kuke so ta sani?" Abin da gida ya yarda a faɗa shi za a faɗa. Kuma akwai yadda ake faɗarsa. Labarin Ajuji labari ne na yarinyar da aka daɗe ana roƙon Allah a samu, aka yi duk dabarar da aka sani don ta rayu, ga ta kuma ta rayu. Babu ƙarya a cikin wannan, kuma shi ne ɓangaren gaskiyar da ƙaramar yarinya za ta iya ɗauka.

Haka nan ba ta cewa kowa ya zana uwa da uba. A kowane aji akwai ɗan riƙo, akwai wanda aure ya mutu uwarsa ta tafi, akwai wanda ambaliya ko rikici ya kawo su garin. Tambayarta ita ce, "Su wa ke gidanku? Wa ke zuba maka tuwo?" Kowane yaro yana da amsar wannan. Zancen asali ma tana taka shi a hankali, don ta san a ƙasar Hausa da kalmar asali ake ɗaga wani, da ita ake kuma ƙasƙantar da wani. A ajinta gorar masunci da zabirar wanzami da rawanin mai unguwa shafi ɗaya suke ci, girmansu ɗaya. Ina ganin wannan adalci na shafi ɗaya yana koya wa yara abin da dogon wa'azi ba zai koya musu ba a wannan shekaru.

Da can fuska ce ke faɗar dangin mutum. Wanzami ya yi wa jariri tsagar gidansu, duk inda ya shiga a san Bamange ne ko Babarbare ko Bahaushen wani gari. Yanzu yawancin iyaye sun bar tsaga, kuma yaran ba su yi asarar komai ba da aka bar musu fuskokinsu. Sai dai jika yana kallon zanen da ke kumatun kakarsa bai san me yake nufi ba. Wannan ma tambaya ce da littafin ke iya aikawa gida.

Shafin da na fi jin nauyinsa shi ne na harshe. Malama takan ce wa yaro ya roƙi kakarsa kalma ɗaya cikin harshen da ta tashi da shi, sunan kifi ko ruwa ko gaisuwar safe, a rubuta a ƙarƙashin hoton yadda kunne ya ji. Ba sai malamar ta iya Badanci ko Manganci ko Fulatanci ba. Wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai raina wannan kalma ɗaya ba. A cikin masarautar Haɗejiya ɗin nan akwai Auyo, kuma Auyokawa suna da harshensu a da, ɗan'uwan Badanci, ya mutu. Harshen Teshenawa ya mutu, na Shirawa ya mutu. Jikokinsu suna nan, Hausa suke yi, sunan gari da na dangi kawai ya rage. Badanci yana da rai, har Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa 'yan Yobe sun fitar masa da ƙamus a 2004, amma a gidaje da yawa kaka ce ke yi, uba yana ji ba ya mayarwa, jika ko ji ba ya yi. Littafi mai shafi takwas ba zai ceci harshe ba. Abin da zai iya shi ne ya sa yaro ya san cewa kakarsa tana da wani baki ban da Hausa, kuma abin tambaya ne, ba abin dariya ba. Ita ma tsohuwar, ganin an aiko daga makaranta ana neman kalmarta yana sa ta sake buɗe bakin da ta daɗe da rufewa.

Ga waɗanda suka ɗan tasa, daga sunan mutum sai a wuce zuwa sunan gari. Labarin baka ya ce Haɗejiya ta samo sunanta daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Ga shafi biyu nan a shirye, baka da kwari a ɗaya, tukunya a kan murhu a ɗaya. Garun Gabas yana nan cikin masarautar, wanda ake dangantawa da Biram ta labarin Bayajidda. Yaron da ake kira Sambo zai ji daɗin sanin cewa a wajen Fulani sunan ɗa na biyu ne, kuma akwai Sarkin Haɗejiya mai wannan suna tun farkon mulkin Fulani. Sarki Muhammadu kuwa, wanda ya rasu yana yaƙar Turawa a 1906, laƙabinsa na Mai Shahada ya riƙe labarinsa gaba ɗaya.

Matsalar ita ce littattafan da za a fara da su. Tarihin ɗab'in Hausa yana da tsawo, tun kafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930 da kamfanin Gaskiya na Zariya, amma yawancin abin da aka buga na wanda ya riga ya iya karatu ne. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauci da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara sun samar da littattafan Hausa na ƙananan azuzuwa, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga koyar da baƙaƙe da haɗa su. A intanet akwai African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, duka suna da labaran Hausa masu hoto da za a iya saukewa a waya ko a buga kyauta, akwai kuma manhajar Bloom da ke ba mutum damar haɗa littafinsa cikin kowane harshe. Malamar da ke da waya za ta iya farawa da waɗannan, ko da allon wayar ƙarami ne ga aji mai yara sittin. Amma littafin da yaron fadama zai buɗe ya ga kwalekwale da goruba da kakarsa mai tsaga, aka kuma gina shi a kan wasan kaka da jika, marubuta da masu zanenmu ne za su yi shi. Ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, cikin masarautar, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke yaye malaman firamare. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su shiga Kadira da Musari da Lafiya da Abunabo, su zauna da tsofaffi, su tattaro sunayen gida na Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa tare da dalilin kowanne, sannan a nemi mai zane ya zauna da su.